Majo Zaliha da Ranar Hatsarin Hanyar Walia

Allah ne Ya ba da, Shi ne kuma Ya karɓi abinsa. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Oktoban 2025, Hajiya Zaliha Mijinyawa ta cika a gidanta da ke unguwar Habbena, bayan jinyar wata biyu. Shekarunta sittin da uku. Ashirin da biyu daga cikinsu ta yi su tana shugabar ma'aikatan jinya a sashen gaggawa na asibitinmu, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai dai ya ce Majo. Ni Hansatu, shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinta, kuma ni aka damƙa wa sashen lokacin da ta ajiye aiki.

Majo, mutane da yawa sun faɗi alherinki a wajen zaman makoki. Ni zan faɗi ranar da na fi jin haushinki a duniya, domin a ranar ce na san ko ke wace ce.

Damina ce ta 2019, wajen ƙarfe goman safe. Wata ƙaramar bas da ta ɗauko mutane daga Walia ta yi karo da motar shanu kafin a hau gada. Cikin rabin sa'a aka zube mana mutum goma sha bakwai a baranda. Mu ma'aikatan jinya huɗu ne a bakin aiki, har da Idris, likita kuma yana ɗakin tiyata da wani majinyaci. Ina cikin ɗaga mutane na ji ana kiran sunana, ba na asibiti ba, na gida. Yayana ne Salmanu, mahauci, da ya je ganin raguna ya shigo motar. Ƙafarsa ta dama ta karye, ƙashi a waje, yana ta ihu.

Na nufe shi da gudu, kika riƙe mini wuyan hannu. Ba ki ɗaga murya ba.

"Hansatu, ga waccan a jikin bango. Ƙarin ruwa leda biyu, hannu biyu, yanzu."

Na ce, "Majo, yayana ne."

Kika ce, "Na gan shi. Yana da ƙarfin kiranki. Ita ko kiran ba ta iyawa. Idris zai kula da shi."

Matar da kika nuna mini ba ta da ko ƙwarzane. Mai sayar da kifi ce, tana zaune shiru da zanenta a ɗaure, kamar mai jiran a sallami wasu. Sai da na durƙusa na ga leɓenta ya yi fari, hannunta sanyi ƙalau, cikinta ya yi tauri. Jini ne ke zuba a ciki. Jijiyoyinta duk sun kwanta, kuma kin san a cikinmu ni ce na fi hannun samun jijiya. Shi ya sa kika zaɓe ni, kina sane da wanda ke kwance taku biyar daga bayana. Na samu a karo na uku, ina kuka, ina jin muryar Salmanu.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, a mintunan farkon nan ke ba ki sa wa kowa ko bandeji ba. Tafiya kawai kike yi a tsakanin mutane, ki taɓa wuyan wannan, ki buɗe idon wancan, ki faɗi sunan ma'aikaci da abin da zai yi. Kin yi wa Idris magana da Faransanci, kin rarrashi wani tsoho da Larabci, kin tambayi matar nan sunanta da ɗan yaren Ngambaye da kika iya. Masu shara kika sa su riƙe ledojin ruwa. 'Yan'uwan majinyata masu ƙarfi kika jera su a layin ba da jini. Da likita ya fito, kafin ya cire safar hannu kin riga kin jera masa mutum uku da za a shiga da su, da wanda zai fara. Mai kifin ce ta farko. Salmanu ne na uku.

An cire mata saifa, ta rayu. A cikin goma sha bakwai ɗin nan mutum ɗaya muka rasa, shi ma kafin a sauke shi daga mota rai ya yi halinsa. Salmanu ya jira sa'a huɗu kafin a shiga da shi. Ƙafar ta haɗu, amma har yau yana ɗingishi.

Mahaifiyarmu ta yi fushi da ni sosai. Ta ce ta haifi 'yar da ta bar ɗan'uwanta cikin jini ta tafi kan baƙuwa. Kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban gaya miki ba. Ban san inda kika ji ba. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga ki a ƙofar gidanmu. Kika cire takalmi, kika zauna a ƙasan tabarma, ke da manyan likitoci ke miƙe wa tsaye.

Kika ce, "Inna, 'yarki wajen ɗan'uwanta ta nufa, ni na hana ta. In da laifi, nawa ne. Kuma ba zan ɓoye miki ba, da za a sake, haka zan sake yi."

Sai Inna ta tambaya ko mai kifin tana da 'ya'ya. Kika ce biyar. Ta sa aka kawo miki shayi.

Haka kike da mu duka. In kin ba mutum aiki, kin ba shi ke nan, ba kya tsaya masa a ka. In ya yi kyau, sunansa kike faɗa a gaban manya. In ya ɓaci, ke kike shiga ofis ki amsa, sannan ki kira shi ɗakin magani ki rufe ƙofa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ya san abin da ake ji a ciki, amma babu wanda ya taɓa jin labarin ɗan'uwansa a waje.

Ranar jana'izarki an rufe rumfunan nama da dama a kasuwa, ma'aikata kuma suka raba kansu gida biyu ba tare da kowa ya ce musu ba, rabi suka je maƙabarta, rabi suka tsaya kan majinyata. Ni ina cikin waɗanda suka tsaya.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarka Zaliha. Ka yafe mata kurakuranta, Ka sanya jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka yalwata mata kabarinta. Duk ran da ya tsira ta hannunta ko ta hannun waɗanda ta koyar, Ka sa shi a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Hashimu, da 'yarta A'isha Humaira, da sauran 'ya'ya da jikoki, da abokan aiki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu. Mu kuma da aka bar wa baranda da mutanen da ke kwance a kanta, Allah Ya ba mu idon ganin wanda ya yi shiru.