Malamin da Yake Rubutu da Ruwa

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na durƙusa wa wani tsoho a lambun shaƙatawa na Liwan, can ƙasar Sin, ba, da kwanon cincin a hannuna.

Shekarar wasannin Olamfik ce. Maigidana Alhaji yana aikin tura kaya zuwa Kano daga wani ɗan ofis a titin Huanshi Lu, ni kuma ina gida da 'yarmu mai shekara bakwai, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Karatun Alƙur'ani ni nake yi mata da kaina, boko zalla nake nema. Makarantu biyu ne kusa da mu, duk a gidajen haya. Ɗaya ta coci, inda ta yi sati ta dawo tana rera mini waƙoƙin ibadarsu a kicin. Ɗaya ta Larabawa, hadda tun safe har la'asar, babu lissafi. Ta gwamnati kuwa takardu suke so, ga shi an tsaurara maganar biza, kowa a ɗarare yake.

Alhaji ya gaji da maganar. Ya ce, "Idan aka gama wasannin nan ba ta da makaranta, Kano za ta tafi wajen Yaya." Ita kaɗai Allah ya ba ni. Na yi yawo a zafin garin nan har ƙafafuna suka kumbura, ko'ina sai a girgiza mini hannu a ce "mei yo", wato babu.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi ce ta ce mini, "Akwai wasu iyaye da ke haɗa yaransu a lambu, ba coci ba masallaci. Amma ban sani ba ko lakwal ce, makaranta ta gaske." Ni dai ban ji ƙarshen maganar ba. Na ɗinka wa yarinya yunifom, na soya cincin na sadakar shiga makaranta kamar yadda ake yi a gida, muka kama hanya.

Muna isa na hango yara sun kewaye wani tsoho ɗan ƙasar, yana rubutu a kan daɓe da ƙaton buroshi da yake tsomawa a bokitin ruwa. Na ce to, ga malam. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na miƙa masa kwanon, na ɗora hannun 'yata a kan nasa. Bawan Allah ya tsaya yana kallona baki buɗe.

Wata 'yar Gana mai jin Hausa ta taso tana danne dariya. "'Yar'uwa, tashi. Wannan ɗan fansho ne, motsa hannu yake yi."

"To ina malamin?"

"Babu malami. Babu aji, babu jarrabawa. Abin da yaro ya nuna yana so, shi muke bi."

Innalillahi! Wallahi ji na yi kamar in zauna a wurin in yi kuka. Duk wahalar nan ashe wajen wasa na kawo ta? Na juya in ja hannunta mu tafi, sai na ga tsohon ya riga ya ba ta buroshin, yana cin cincin ɗina hankali kwance.

Muka ci gaba da zuwa, don ba ni da wani wurin. Ikon Allah, yarinyar da nake fama da ita ta riƙe fensir ta koma tana tashina da sassafe. A wajen tsohon ta koyi rubutun Sin, a wajen yaran 'yar Gana ta ɗauki baƙaƙen boko da ƙirge. Amma duk a ƙasa take yi, da ruwa, kafin mu tashi rana ta shanye.

Da aka rufe wasanni Alhaji ya ce in kawo littattafanta ya gani. Na ce babu. Sakamako fa? Babu. Na ce, "Alhaji, don Allah ka zo ka gani da idonka, sau ɗaya kawai." Ya ce kwantena yake lodi, ba shi da lokacin kallon wasan ruwa. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma haka na ce ranar farko. Na yi magiya har na gaji.

Da safen da zai kai ta filin jirgi, ta ɗauki tsohon buroshin goge baki da kofin ruwa, ta tsuguna a barandarmu. Ta rubuta sunanta da boko, ta rubuta "Mama" da rubutun Sin a ƙarƙashi. Ya fito da akwati ya tsaya a kanta yana duba abin da ta rubuta. Sannan a hankali ya ce, "An riga an sayi tikiti."

Bayan sun fita na zauna a wurin ina kallon rubutun har ya bushe.

Abin da na koya shi ne, yaro yana iya karatu ba tare da aji ko ƙararrawa ba, na gani da idona. Amma idan kin samo wa ɗanki hanyar da mutane ba su saba da ita ba, ki ja ubansa ya gani tun ranar farko, kafin ƙasa ta bushe.