Jan Tsumman Da Na Ƙi Ɗaurawa

A shekarun da abin nan ya faru ni manomin lambu ne a gefen garin Zuru, magidanci mai 'ya'ya huɗu, kuma mai taurin kan tsiya, ba zan ɓoye ba. Alayyahu nake shukawa da tumatir da attarugu a bakin rafi, ina kuma ji da kaina cewa duk fadamar babu ganyen da ya kai nawa kyau. Sirrin kuwa wani maganin feshi ne da nake saya a kasuwa, wanda ake ɗurawa a robar lemo, ba suna ba takarda. Mai sayarwa ya ce mini na auduga ne, tsutsar da ta taɓa shi ba ta kai yamma. In na gama feshi sai in sha nono, wai na kashe dafin da na shaƙa.

Muna da ƙungiyar masu lambu. Wata shekara malamar gona ta zo taronmu, aka tsayar da abu biyu. Na farko, a rubuta wa hukuma takarda a roƙi a hana sayar da maganin da ba shi da suna, a kawo mana mai sauƙin illa, da bayaninsa cikin Hausa. Na biyu, kafin a samu wannan, duk wanda ya yi feshi ya kafa sanda a bakin lambunsa ya ɗaura jan tsumma, kada ya cire sai kwanakin da aka ƙayyade sun cika. Ni ne na miƙe na yi musu dariya. Na ce su dai faɗi gaskiya, so suke mu kafa tutar korar masu saye da hannunmu. Na ƙi dangwala yatsa a takardar. Tsumman da aka raba kuwa na karɓa don kunyar dattawa, na cusa a aljihu.

Sai na yi bayanin abin da ya sa tsumman nan yake da muhimmanci a wajenmu. A fadamarmu mace ba ta neman izini kafin ta tsinki ganyen miya a gefen lambun maƙwabci. Haka muka taso muka gani, kuma mai lambu har daɗi yake ji in an zaɓi nasa. Ni wadda ta fi zaɓen nawa ita ce matar maƙwabcina, wani tsohon soja da ya yi ritaya. Mama nake ce mata. Su Kirista ne, mu Musulmi, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu. Kullum da hantsi za ta zo da ɗan kwandonta, ta tsinka, ta yi mini tsiya cewa ganyena ya fi halina kyau.

Wata Laraba da safe na tarar tsutsa ta faɗa wa alayyahun, ga dillali zai zo da mota daga Mahuta washegari. Raina ya ɓaci. Na ninka maganin, na feshe lambun kaf har gefe. Wallahi na tuna da tsumman, hannuna ma ya taɓa shi a aljihu. Sai na ce a raina in dillalin ya ji labari ba zai ɗauka ba. Na tuna da Mama kuma, na ce zan biya in gaya mata. Ban biya ba. Injin ban ruwana ya lalace, na ɗora shi a babur na wuce gari wajen mai gyara.

Da la'asar ina dawowa matata ta tare ni a ƙofa, ko ɗankwali babu, ta ce an kwashi Mama da mijinta zuwa asibiti, amai suke yi, gumi na zuba, Mama har ba ta gane mutane. Na san abin da ya faru tun kafin ta rufe baki. Amma da na je asibitin na iske mutane na cewa ko kwalara ce, sai na ja gefe na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Likita ya fito ya tambaya ko akwai wanda ya san abin da suka ci, ni ina tsaye kamar gunki. Sai da na hango Mama ta taga, miyau na dalala daga bakinta, ƙirjinta na sama da ƙasa, sannan na bi likitan da gudu na faɗa masa. Ya tambayi sunan maganin. Na ce ban sani ba. Na koma na ɗauko robar, ya juya ta gaba da baya, ba ko harafi ɗaya. Kallon da ya yi mini ya ishe ni.

Allah Ya sa da sauran kwana. Tsohon sojan ya tashi bayan kwana biyu, Mama ta yi sama da mako. Na nome alayyahun duka na binne, dillali ya koma da motarsa wayam. Na je na durƙusa gabansu. Tsohon ya ce da a bariki ne da ya san abin da zai yi da ni, amma in tashi. Mama ta ce ta yafe, sai dai abu ɗaya take so ta sani, ko na tuna da ita a safiyar. Na ce na tuna. Ta gyaɗa kai kawai.

Ranar da ƙungiya ta kai takardarta ga hukuma ni na roƙa a tafi da ni. Na ɗora robar nan a kan tebur na ba da labarina da bakina. Ba a yi mana duk abin da muka nema ba, har gobe ana sayar da irinsa a ɓoye, amma yanzu muna da shagon da muke samun magani mai suna da adadin kwanakin jira a jikinsa.

Abin da na koya shi ne, ganyen da ka shuka ba kai kaɗai kake da shi ba, cikin wani zai shiga. 'Yan'uwana masu lambu, don Allah kada ku sayi maganin da ba ku san sunansa ba, ku jira kwanakin da aka ce, ku ɗaura alama ko da mai saye zai juya. In kuma an kira ku ku sa hannu a nemar mana gyara, ku sa. Ni dai tun daga lokacin na ware kunyar alayyahu guda a gefen hanya, ba na fesa mata komai, da hannu nake cire tsutsarta, na kuma aika aka gaya wa Mama tata ce. Shekara uku ke nan. Kullum da hantsi tana wucewa da kwandonta, ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi yara, ta zarce lambun gaba. Kunyar nan tana nan, sai ganyenta ya tsufa ya yi fure, in nome in sake shukawa.