Lafiya Lau Daga Ƙarƙashin Katanga

Na daɗe ina koyarwa, saboda haka na san yadda mantuwa take aiki. Ka koya wa yaro abu ranar Litinin, ranar Talata ya dube ka kamar bai taɓa ganinka ba. Ni ma ina da nawa rabon na wannan baiwa. Amma akwai abu guda da na tabbata ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina, kuma ba wani abu ba ne illa kalmomi biyu da kowa yake furtawa tun daga wayewar gari: lafiya lau.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare a Rogo, ina kuma cikin 'yan agajin sa-kai na yankinmu. Ba jarumta ce ta kai ni ba. An ce ana neman wanda ya iya tsara magana a gaban hukuma, ni kuma rigar 'yan agajin ce ta ba ni sha'awa. Cikinmu akwai direba, akwai tela, akwai manoma. Shugabanmu magini ne, wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa da muke kira Kwamanda, da farko cikin zolaya, daga baya da gaske. Ban taɓa ganin mai son gaisuwa irinsa ba. Idan ya tare ka a hanya gara ka nemi wurin zama, don sai ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi gajiya, har akuyar da ka sayar bara sai ya ji yadda ta kwana.

Daminar wannan shekara marka ta yi yawa. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa har ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi. Wata safiya aka kira mu cewa gidaje sun rufta a wani ƙauye da ke gaba da Zoza. Kafin mu fitar da motarmu daga taɓo mu isa, hantsi ya dubi ludayi. Rana ta fito tas, tururi yana tashi daga tarin ƙasar da jiya ɗakuna ne, kaji suna ta kiwo a kai kamar ba abin da ya faru.

Yadda muke aiki shi ne, a kowane tari sai kowa ya yi tsit, Kwamanda ya durƙusa ya yi sallama, ya kara kunne. Daga amsar da ya ji ne yake yanke shawarar inda za a fara tono, don hannuwanmu ba su da yawa. A ƙarshen wani gida muka iske wani soro da katanga ta faɗo masa. Ni da shi ne kaɗai a wurin. Ya durƙusa ya ce, “Salamu alaikum, akwai mutum a ciki?”

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa, muryar tsohuwa, a natse kamar tana zaune bisa tabarma a tsakar gida. “Amin, wa alaikumus salam. Maraba da ku.”

“Iya, lafiya kike?”

“Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya?”

“Ba gajiya, Iya.”

“Madalla. Sannunku da aiki.”

A gidan da ke makwabtaka wata mata ce da 'ya'yanta suke ta ihu a ƙarƙashin rufi. Kwamanda ya ce, “Iya, ki ɗan yi haƙuri, yanzu za mu dawo.” Ta ce, “To, sai kun zo.” Muka tafi. Duk wanda aka ɗora a wurin abin da zai yi ke nan, na faɗa wa kaina haka sau ba adadi. Matar da 'ya'yanta mun fito da su da rai.

Wajen azahar muka koma. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Da muka tone muka same ta kwance, azara ta gitta mata a ƙirji, carbinta yana hannu. Rai ya yi halinsa.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila mun haɗiye shi kamar yadda muka haɗiye wasu. Amma bayan an yi mata wanka, babbar cikin matan da suka yi wankan ta ga Kwamanda zaune ya haɗa kai da gwiwa, sai tausayinsa ya kama ta. Ta leƙo daga zaure ta ce, “Bawan Allah, kada ka sa wa ranka damuwa. Gawar nan ta daɗe. Yadda ta sandare, tun asuba ta cika, kafin ma motarku ta taso.”

Ya ɗago kai ya ce, “Na'am?”

Alheri ta nufa, Allah ya sani. Amma ni malamin harshe ne, na san jimlar da ba ta da ƙofar fita idan na ji ta. Ko dai mun bar mai rai ta mutu don kawai ta iya gaisuwa, ko kuwa matacciya ce ta gaishe mu, mu kuma muka amsa. Muka hau mota muka koma gida. Duk wanda ya ce mana yaya aiki, muka ce alhamdu lillahi. Ni da shi ba mu sake tayar da maganar ba.

Sannu a hankali Kwamanda ya sauya. Mutumin da gaisuwa ce abincinsa ya koma yana ratse hanya idan ya hango wanda ya sani. In an tare shi dole, aka ce masa lafiya lau, sai ya tsaya ya ƙura wa ƙirjin mutum ido har mutum ya tsargu. Ya daina karɓar aikin gini. Aka fara ganinsa yana kara kunne a bangon gidajen da shi da kansa ya gina. A garinmu wanda ba ya amsa gaisuwa ɗaya ne cikin biyu, ko mai girman kai ko wanda aka taɓa, kuma kowa ya san Kwamanda ba shi da girman kai. Aka yi masa rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya, abin sai gaba yake yi.

Wata rana da tsakar rana na je duba shi. Matarsa ta ce yana kangon da ke bayan gidansu. Na same shi durƙushe gaban wata rusasshiyar katanga, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Ko ganye ba ya motsi. Wata kurciya da ke kuka a kan tsamiya ma ta yi shiru da na iso. Na buɗe baki zan yi sallama, sai ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba.

“Malam, yi shiru. Tana gab da amsawa.”

Ni da na karanta littattafai, ni da nake yi wa ɗalibai dariya idan sun kawo zancen aljanu a rubutun insha'i, sai ga ni na yi shiru ina saurare. Ba zan ce na ji komai ba. Ba kuma zan rantse ban ji ba.

Da zan tafi matarsa ta biyo ni har zaure. Ta ce yayyensa sun yanke shawara, da an gama girbi za su kai shi gidan wani mai magani can nesa, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa. “Malam, kai yake jin maganarka. In aka kai shi can, ba wannan mutumin za a dawo min da shi ba.” Na ce mata in Allah ya so ba za a kai ga haka ba. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ni ma kullum na shiga aji yara suka haɗa baki suka ce “Lafiya lau, Malam,” sai allin da ke hannuna ya karye.

Ana cikin haka aka aiko cewa 'yan agajin yankin su hallara a Ƙaraye, za a ba su horon juriya. Na yi dariya. Mu da aka yaye mu da haƙuri, mu ne za a tara a aji a koya mana juriya? Amma ba ni da wata dabara, sai na goya Kwamanda a babur, na ce masa an ce za a ba da shinkafa da nama.

A wani ajin firamare aka zaunar da mu, manya da mu a kan bencin yara. Mai ba da horon wata ma'aikaciyar jinya ce daga Kano, ta ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, dattijuwa mai tabarau. Ta shigo ta yi sallama, ta ce, “Ina gajiya?”

Muka haɗa baki, “Ba gajiya!”

Ta ajiye jakarta. “Madalla. Wannan ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ga tambaya ta biyu. Ina gajiya?”

Muka dubi juna. Telan cikinmu ya ce, “Hajiya, a garinmu sau ɗaya ake tambaya. Ta biyun sai likita ko ɗan sanda.”

Ta ce, “To ka ɗauka rabin likita ce ta zo.” Aka yi dariya. Ta shiga bin mu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kame-kame. Da ta iso kan Kwamanda, ba ita yake kallo ba. Bangon da ke ƙarƙashin allo ya ƙura wa ido.

Ya ce, “Ta amsa.”

“Wa ta amsa?”

“Tana cikin bangon nan.”

Na ji wani a bayana yana karanta a'uzu, wani kuma ya matsa kusa da ƙofa. Ita kuwa sai ta jawo benci ta zauna daura da shi. Ta ce, “Kwamanda, taka ƙasa da ƙafafunka duka biyu, ka ji taurinta. Yawwa. Ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali. Sake. Yanzu faɗa min abin da idonka yake gani a ɗakin nan.”

“Allo.”

“Sai me?”

“Taga.”

“Sai me?”

Ya juyo a hankali ya dube ni. “Sai Malam. Ya yi zuru-zuru kamar an kama shi da satar amsa.”

Rabon da in ji ya yi raha tun kafin ranar Zoza. Daga nan bakinsa ya buɗe, ya ba da labarin tun daga sallama har maganar mai wankan gawa. Da ya gama ya ce, “Hajiya, ke da kika yi karatun abin, faɗa min. Da rai na bar ta, ko matacciya ce ta gaishe ni?”

Ta ce, “Ban sani ba. Ba na wurin, kuma ba zan yi maka ƙarya don in kwantar maka da hankali ba. An riga an gwada hakan, ka ga inda ya kai ka. Amma ina da tambaya. Kai kaɗai ka ji muryar?”

Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba, kamar ɗan aji ɗaya. Na ce, “Na ji ta. Har yau ina jin ta.”

Kwamanda ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Malam, ashe kai ma? Kullum na tambaye ka sai ka ce min lafiya lau.”

Sai tela ya ce shi ba murya yake ji ba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ke hana shi cin abinci. Direba ya ce duk ya ga takalmin yaro a bakin hanya sai ƙafarsa ta taka birki. Ashe duk ajin kowa da tasa katangar a ƙirji, kowa kuma yana amsawa daga ƙarƙashinta cikin ladabi.

Abin da ta koya mana a kwanakin ba shi da wuyar faɗa. Yadda mutum zai dawo da hankalinsa inda jikinsa yake idan abin ya taso. Kada mu watse bayan aiki sai mun zauna an yi wa kowa tambaya ta biyu. Kowa ya sami abokin da zai riƙa duba shi. Ta ce addu'a da magana ba sa faɗa da juna, a riƙe su duka, wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa ya je asibiti ba kunya. Shi kuwa Kwamanda, ta haɗa shi da likita, ni na riƙa kai shi. Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba, amma kafin a gama girbi ya soma amsa gaisuwa, yayyensa kuma suka bar zancen mari.

Da damina ta zagayo aka kira mu wajen Gwangwan. Katanga ta danne wani dattijo. Kwamanda ya durƙusa ya yi sallama, ya tambayi lafiya, murya ta fito daga ƙasa, “Lafiya lau, ɗana.” Na ga kafaɗunsa sun sandare. Ya rufe ido, ya ja numfashi, ya sake shi. Sannan ya ce, “Baba, na karɓi ta gaisuwa. Yanzu ta biyu. Me ke danne ka?”

Da alama dattijon yana jin nauyin faɗa. Can ya ce, “To, ɗana, ƙafata dai ba na jin ta. Numfashin ma da ƙyar.” Da shi muka fara. Yana nan da ransa, yana ɗingishi zuwa masallaci.

Tambayar Kwamanda kuwa har yau ba wanda ya amsa ta. Wani lokaci in na ratsa ta gefen kango da tsakar rana, nakan ji kamar an ce sannunku da aiki. Yanzu nakan tsaya in yi wa tsohuwar addu'a, in mun haɗu da Kwamanda kuma in faɗa masa. Abin da na koya shi ne, lafiya lau ta farko ladabi ce, ba rahoto ba ne. In kana son sanin halin da mutum yake ciki, karɓi gaisuwarsa da mutunci, sannan ka sake tambaya. Kuma kada ka tsaya ga wanda ke ƙarƙashin katanga kaɗai. Ka juya ka tambayi wanda ke riƙe da shebur.