Kawu da harsashi mai nauyi

Jama'a, yau na ga an zaɓi harsashi kamar shadda!

Kawuna Alhaji, mai sayar da yadi a unguwar Château Rouge ta Paris, ya sauka nan Lyon da safe. Sau biyu ɓarayi suna fasa masa kanti. Ya ce in kai shi kulob ɗin da nake koyon harbi, bindiga yake so.

Mai koyar da mu, wata Bafaranshiya, ta ajiye ƙaramar bindiga mai gajeren baki a kan tebur, da harsasai iri biyu. Ta ce .38 mara nauyi ya fi sauƙin sarrafawa. Shi kuwa .357 mai nauyi, a gajeren baki, yawancinsa ƙara ce da wuta da dukan hannu.

Kawu ko sauraron fassarata bai yi ba. Ya ɗora kowanne a tafin hannu yana jinjinawa, ya murza da yatsa. Ya ce, "Ɗana, kaya mai nauyi shi ne na kirki. A ba ni wannan."

Ya harba sau ɗaya. Tau! Hula ta faɗi ƙasa. Takardar da ya auna ko ƙwarzane babu!

Matar ta ce ko ya samu izini, bindigar a gida za ta zauna, a kulle cikin akwatin ƙarfe. Ba za ta je kanti ba.

Kawu ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya nufi ƙofar ƙarfen kulob ɗin, ya ƙwanƙwasa ta, ya tura da kafaɗa. Ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Tambayar min ita, ina suka sayi wannan ƙofar?"