Renon da aka ƙwace wa Kaka

Jiya maƙwabta suka jiƙa rama, warin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma. Kai da ba ka tashi a bakin fadamar Wurno ba, wari kawai za ka ji. Ni kuwa kakata na gani, uwar babana, durƙushe gaban turmi.

Ita ke renon irin tattasai da tumatir na gidanmu duka. Bayan an sheƙe gero takan daka ɓawon rama har ya yi laushi, ta gauraya da buntun shinkafa da ɗan rairayi, ta cika tsofaffin kwanduna a inuwar rumbu. A ciki take zuba iri. Taki ko ƙwaya ba ta sawa, ruwa ma da tafin hannu take yayyafawa. Da gangan take ba tsiron yunwa. Ba wanda ya san ranar da ruwan Rima zai janye daga fadama a samu wurin dashe, don haka dole tsiron ya tsaya gajere, kauri a ƙafa, ya yi jira. Baffa, yayan babana, bai taɓa yarda da wannan ba. Kullum cewa yake na mutane sun fi namu tsawo.

Ni ma a lokacin da idon Baffa nake kallo. Yarinya ce ni, ganyen ya yi fari-fari, sai na ji tausayinsu. Na kwaso kashin awaki a ruga, na jiƙa a tsohuwar tukunya, duk sanda Kaka ta tahi rijiya sai in zuba musu. Cikin 'yan kwanaki suka yi kore shar, suka miƙe. Har daɗi nake ji.

A shekarar ruwa ya ƙi janyewa. Tsiron ya yi ta tsawo, siriri kamar zare, ya rasa inda za a kai shi, ya kwanta kan juna ya ruɓe. Kwando ɗaya ba mu dasa ba. Ranin nan babana ƙwadago ya yi a lambun wasu a Goronyo.

Baffa ya tsaya tsakar gida, gaban surukai da jikoki, ya ce: “Inna, tsufa ya kama ki. Daga bana ki bar muna aikin ga.”

Kaka ta damƙi abin da ke cikin kwandon ta shinshina. Sannan ta kamo hannuna, shi ma ta shinshina. Na tsaya ina jiran ta buɗe baki, don na san bulalar Baffa.

“Mi kike kallo?” ta ce. “Tahi ki wanke hannunki.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni ma na yi shiru. Daga shekarar da ta biyo, maza suka riƙa yin renonsu a ƙasa da taki, wata shekara ya yi, wata ya ƙi. Kaka ta koma zaman ƙofar ɗaki tana kaɗa auduga. Idan an wuce da iri gabanta sai ta kau da kai. Damina huɗu ta ƙara a duniya, kuma ko sau ɗaya ba a sake tambayarta komai ba.

Bana jikana ya sawo wani dunƙule mai kama da tubali daga Sakkwato, wai zaren kwakwa ne. Ya jiƙa shi ya kumbura, ya cika farantan roba masu ramuka. Yana yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai je boko ba: ba a sa taki da wuri, a rage ruwa, don kada tsiro ya zarce kafin lokacin dashe.

“Wa yab ba ku wanga sani?” na ce.

“Malaman gona, Kaka. Sabon abu ne.”

Nan na zaunar da shi na faɗa masa duka, har da tukunyar kashin awaki, abin da ban taɓa faɗa wa ko mijina ba. Ya ce Allah sarki, ya duba wayarsa, ya tambaya ina aka ajiye butar ban-ruwa.

Ban ga laifinsa ba. Ba shi ne ya ƙwace aikin ba. Baffa ne ya kamata ya ji, tsakar gidan nan, gaban mutanen nan. Shi kuwa ko kabarinsa ba mai iya nuna maka yanzu.