Rasidin da Aka Miƙa ta Tagar Mota

Akwai wani aibi da na lura ya fi kama mutanen kirki fiye da mugaye, shi ne jin nauyin neman shaida. Mutum yakan ɗauka cewa idan ya nemi abokin hulɗarsa ya sa hannu a takarda, tamkar ya kira shi ɓarawo ne a gaban jama'a. Sai ya yi shiru, ya kira shirun nan mutunci. Ni kuwa ban yarda mutunci ba ne, domin wanda ya bar haƙƙin iyalinsa a sake don kada wani ya ɓata rai, ya fifita fuskar bare a kan cikin 'ya'yansa. Hujjata ita ce rayuwar wani mai gyaran keken ɗinki.

Sannu-Sannu ake ce masa, saboda ba ya mayar da keke ga mai shi sai ya gwada shi sau huɗu a kan tsumma mai kauri, ya tabbata zare bai tsinke ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, da tebur ɗaya, da kwalbar mai, da gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi waɗanda shi kaɗai ya san gurbin kowanne. Teloli sun san ƙofar nan, kuma da ita ya ciyar da mata da 'ya'ya uku.

Shekara tara yana haya a wani gida mai ɗaki biyu. Ranar da ya shiga, dillalin gidan ya karɓi kuɗin ajiya daidai da hayar wata uku, bisa sharaɗin za a mayar masa idan ya tashi bai ɓata kome ba. Bai ɓata ba. Hasali ma famfo da ƙofar bayan gida da hannunsa ya gyara su.

Sai mai benen da shagon yake ciki ya sanar da shi cewa daga yanzu hayar shekara guda yake so a dunƙule, cikin mako shida, in ba haka ba akwai mai sayar da wayoyi da ke jira. Sannu-Sannu ya yi tunani mai kyau: ya kwashe iyalinsa zuwa ɗaki ɗaya a bayan gari, ya haɗa abin da ya tara da kuɗin ajiyar gidan, don shagon ya tsira.

Ranar da zai mayar da makulli, matarsa ta ce ya tsaya a hanya a yi masa kwafin rasidin kuɗin ajiyar, kuma kada ya saki makullin sai an rubuta masa ranar da ya kawo. Ya yi niyyar haka. Amma da isarsa ofishin dillalin sai ya tarar da shi yana fitar da mota. Mutumin ya sauke gilashi, ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi yara.

“Kawo makullin da rasidin, Baba. Ran Litinin ka zo ka karɓi kuɗinka.”

Hannu yana miƙe ta taga, motoci suna ta oda a baya. Sannu-Sannu ya ji ba zai iya ce wa mutumin da suka shekara tara suna gaisawa ya jira a yi kwafi ba. Ya miƙa duka biyun.

Ran Litinin sakatariyar ofishin ta ce maigidanta ya fita. Ran Laraba yana taro. Mako na biyu ya yi tafiya. Wayarsa tana ƙara har ta gaji ta katse. Sannu-Sannu yakan rufe shago ya zauna a kujerar roba daga hantsi har yamma, yana kallon hotunan gidaje a bango. A zuwa na biyar ya ga fankar ofishin ta tsaya, ya hau kujera ya gyara ta kyauta, yana zaton alheri zai buɗe masa ƙofa. Sakatariyar ta gode masa ƙwarai, sannan ta ce ba ta da ikon buɗe fayil sai da rasidi.

“Ai yana wajen maigidanki, 'yata.”

“To, Baba, sai ka tambaye shi.”

A gida matarsa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ƙarfe kakan gwada sau huɗu kafin ka yarda da shi. Mutum ko sau ɗaya ba ka gwada ba.” Ya ce ta yi haƙuri, mutumin ayyuka ne suka yi masa yawa. Ta ce gaskiya ne, ƙin ɗaga waya sau arba'in ma ai aiki ne, dole ya gaji.

Ya kamata mai karatu ya lura da salon wannan zalunci. Dillalin bai taɓa musun kuɗin ba, bai kuma yi ƙarya da bakinsa ba bayan ranar farko. Ya dai san cewa kowace rana ta jira asara ce ga mai gyara, shi kuwa ba ta rage masa kome. Wanda ya ƙi ka a fili ya ba ka abin da za ka kai ƙara. Wanda ya yi shiru ya bar ka kana zargin kanka da gajen haƙuri.

Wani tela ya raka shi ofishin sauraron koke-koken 'yan haya. Ma'aikacin ya saurare shi da ladabi, ya nemi rasidi, ya nemi shaidar ranar da aka mayar da makulli. Babu ko ɗaya. Mako shida suka cika. Mai benen ya ƙara masa kwana goma don tsohon zama, daga nan aka fito da teburin da gwangwanayen bakin titi.

Bayan wata huɗu aka kira shi ofishin dillalin. Dillalin ba ya nan. Sakatariyar ta karanta masa cewa tun da babu rubutacciyar ranar da ya mayar da makulli, an ɗauka ya riƙe gidan har zuwa shigar sabon ɗan haya, don haka an cire hayar wata biyu. Ta tura masa ambulan mai ɗauke da ragowar kuɗin, da wata takarda, ta ce sai ya sa hannu a wuri uku cewa ba ya bin kowa kome. Ya karanta a hankali, ya sa.

Shekara biyu ya yi yana yawo da jakar kayan aiki daga shagon tela zuwa wani, yawancinsu kuwa sun riga sun sami wani mai gyara. Babbar 'yarsa ta bar makaranta ta kama aikin goge-goge a wani kanti. Bara ciwon gwiwa ya hana shi yawon. Yanzu yana zaune a ƙofar ɗakin nan na bayan gari, matarsa ce ke karɓo masa keke ɗaya ko biyu a wata daga maƙwabta, ita ce kuma ke yanke farashi.