Baba Dakata da Fankar da Ke Juyawa Baibai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran tsohon bakaniken nan da duk direbobi muke kira Baba Dakata, bayan jinyar kwana tara. Na zauna in rubuta ta'aziyyarka da hawaye, Baba, amma ko'ina na taɓa a tarihinka sai in tsinci kaina ina dariya.

Mu muka laƙaba maka sunan. Duk wanda ya shigo garejinka mota na hayaƙi, cikin gaggawa zai buɗe murfin lagireto, sai ka daka masa tsawa: "Dakata! Fuskarka ta ishe ka ne?" Allah kaɗai ya san yawan fuskokin da tsawar nan ta tserar daga tafasasshen ruwa.

Ni kuwa aikina ka tserar. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina tuƙa motar rabon kaya ta wani ɗan kasuwa, sai motar ta tsiri zafi. Da na ɗan yi nisa sai allurar zafi ta haye ja. An canja lagireto, an canja famfon ruwa, shiru. Maigida ya ce sakacina ne, kuma in har ta kai ga sauke inji, in ajiye masa makulli. A lokacin matata na da tsohon ciki.

Maigida da kansa ya biyo ni garejinka. Ba ka ɗauki sifana ba. Ka sa na tayar da mota, ka jira fankar da ke sanyaya lagireto ta kama, sannan ka yago takarda ka kara a gabanta. Maimakon fanka ta zuƙe takardar, sai ta hure ta har kan takalmin maigida.

Ka kwashe da dariya ka ce, "Lafiyarta ƙalau, baibai take juyawa. Iskar hanya na son shiga, ita tana korar ta."

Ka bi waya da yatsa har ka iso inda aka naɗe ta da sabon salatif shuɗi. A aljihun rigata kuwa ga ragowar salatif ɗin nan ta leƙo. Ni na haɗa wayoyin da suka tsinke, don kada a ce na cika kawo ƙorafi, ashe na juya su. Ka dubi waya, ka dubi aljihuna.

Maigida ya ce, "Wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki?"

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ni gyara aka kawo mini, ba shari'a ba. Direbanka dai ya yi ƙoƙari da yake tsayawa kafin inji ya ƙone."

Cikin minti biyar ka mayar da kowace waya gidanta. Tun daga ranar, in na zo wucewa sai ka ɗago kai daga ƙarƙashin mota ka ce, "Injiniya, an tashi lafiya?" Mu biyu kaɗai muka san abin da muke wa dariya.

Har yau ina kan wannan aiki, kuma da shi na raini 'yar da aka haifa mini a makon. Maigida, na san za ka karanta wannan: ni ne na juya wayoyin.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka ga laifina ƙuru-ƙuru ka rufe har ka koma ga Mahaliccinka. Allah ya rufa maka naka asirin ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.